Allurar da Illa ya daure gaban surukinsa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Illa daga Karofane ba, kwance bisa amalanken jaki. Mai haƙar rijiya ne, igiya ta tsinke da shi, baya ya bugu. Lokacin ina sabon anfirme, wato ma'aikacin jinya, ƙarƙashin Majo Sha'aibu, shugaban ma'aikatan jinyarmu, Allah ya jiƙansa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, raunin lakar baya mataki biyar gare shi, daga A zuwa E. Da auduga da allura ake bin jiki, daga wuya har dubura. A na nufin ba ji, ba motsi ƙasan raunin. B kuwa akwai ji, wato laka ba ta yanke duka ba. C har da ɗan motsi.

Na bi ƙafafun Illa da allura ina tambaya, "Da zahi?" Shi ko sai "Babu." Na rubuta A, har da ja mata layi, ni ga gwani. Surukinsa, wani dattijo da ke tsaye kansa, ya ce to su koma gida, mi za a kai shi babban asibitin Tawa a yi?

Sun fara naɗe tabarmi Majo ya shigo. Ya dubi takarda, ya dubi dattijon, ya dube ni.

"Kai, ɗan lakwal, sai boko! Gaban surukinai kat tambaye shi? Wane Ba'adare ne za ya ce wayyo nan?"

Ya ce ma dattijon, "Baba, a ɗan ba mu wuri." Ya sa Illa ya rufe ido, yana taɓa shi da tsinin allura ko gindinta. Bai tambayi zafi ba, cewa ya yi, "Tsini ko gindi?" Illa ya faɗi daidai, har can ƙasa inda ni kunya ta hana in duba. Da Majo ya matsa masa, babban yatsansa ma ya ɗan motsa. C ce! Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin la'asar ambilans ta ɗauke shi zuwa Tawa.

Tun ranar nake duba waɗanda ke ɗaki kafin in ɗauki allura, don mutanenmu sun fi tsoron kunya da ciwo.

Bayan damina biyu Illa ya shigo da sanda, yana jan ƙafar hagu, da buhun albasa a bayan jaki. Majo yake nema. Majo ko ya riga ya rasu. Ni na raka Illa maƙabarta, kuma da ƙafarsa ya je.