Alawar Barci da Wayar da Ban Ɗauka Ba

Abu uku nake cin abinci da su a sana'ar motocin gwanjo: ido, hanci, da sanyin kai lokacin da ake tayi. Jari yana zuwa yana tafiya, amma waɗannan ukun in suka tafi, an tashi kasuwa. A shekarar da nake ba da labari, rashin barci ya fara ƙwace mini su.

Ina da ɗan fili a garin Lanham, a nan ƙasar waje, inda nake ajiye motoci. In saya a gwanjo, in loda a tashar jirgin ruwa ta Baltimore, su sauka Kwatano, a shiga da su Kano. Masu saye a wurina duk suna gida, gida kuwa ya riga mu wayewar gari da awa biyar ko shida. In ɗan kasuwa ya idar da asuba ya sha kokonsa, sai ya tuna da motarsa ya kira ni, alhali a nan tsakar dare ne. Ban taɓa ƙin ɗauka ba. Da haka na yi suna. A wurinmu dillalin da ke ƙasar waje muryarsa ce shaidarsa, muddin ana jin ta hankalin kowa a kwance yake.

Sannu a hankali jikina ya saba da jiran ƙararrawa. Ko wayar ba ta yi ƙara ba, sai in farka gabana yana faɗuwa. Ranar da na san abin ya kai intaha, na sayi wata mota da ambaliya ta taɓa cinyewa. Warin dardumarta kaɗai ya isa ya kore ni, amma na zauna a cikinta ban ji komai ba.

Na je wurin wani likita abokina a Germantown. Bazazzage ne, ni kuma Bakano, don haka ba a rasa tsiya. Ya gwada ni da ƙwayoyin barci, suka bar ni da nauyin kai har azahar. Da na koma sai na kawo masa maganar da makanikena ya yi mini, ta wata alawa da ake haɗawa da sinadarin wiwi, wadda doka ta yarda a sayar a wannan jiha.

"Bakano ke nan," in ji shi. "Ko magani sai ka nemo mai zaƙi."

"Ka dai faɗa mini gaskiya, bawana."

"Wasu tana taimaka musu, wasu tana ƙara musu fargabar. In za ka gwada, ka fara da ɗan gutsure. Ba ta aiki nan take, kada ka ce ba ta ji ba ka ƙara. Kada ka tuƙa. Ka kulle ta, yara alawa za su gani. Kuma ba ita ce za ta kashe maka waccan wayar ba."

Ban tsaya nan ba, na sami malaminmu bayan sallar Juma'a. Bai ba ni hatimi ba, bai kuma kore ni ba. Ya ce abin da ke gusar da hankali hukuncinsa sananne ne, batun magani bisa lalura kuma da shawarar amintaccen likita malamai sun yi magana a kai. Ya ce in sa ido kan hankalina da sallata, in ɗaya ya taɓu in bari.

Matata ce ta fi wuyar sha'ani.

"Wiwi, Alhaji? Da furfurarka?"

"Magani ne, Hajiya."

"Haka 'yan tasha ma suke cewa."

Amma ita ta fi kowa sanin yadda nake kwana, don haka ta karɓi kwalbar ta ce a hannunta za ta zauna.

Na gwada ranar Juma'a da dare, tunda Asabar ba gwanjo. Ban ga wani abin mamaki ba. Kafaɗuna ne suka sauko, lissafin da ke zagaye a kaina ya lafa. Da Hajiya ta ga barci ya ɗauke ni, sai ta zare wayar ta kashe, ta jefa cikin durowar kicin. Ta tashe ni asuba, na yi salla da hankalina, na koma barci ban ko tambayi waya ba.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni da hantsi. Wani dattijo ne mutumin Maraɗi, direban tasi da ke unguwarmu. Yana ganina ya ja da baya.

"Alhaji! Kai ne? Da ranka?"

"Da na wa zan fito?"

"To kira gida maza. Yayanka ne ya samo lambata, tun ɗazu yake kuka."

Ga yadda abin ya faru. Wani mai mota ya kira ya ji a kashe. Ya tambayi maƙwabcinsa a kasuwa, shi ma ya gwada. Kafin azahar ɗin can kasuwa ta rabu biyu: masu cewa na gudu da kuɗin mutane, da masu cewa mutumin da bai taɓa ƙin ɗaukar waya ba, in ka ji shi shiru sai dai addu'a. Kashi na biyu ne suka tafi gidanmu. Har wata gwaggona ta iso da tabarmarta.

Na kira Yaya.

"Ina ka shiga?"

"Barci na yi, Yaya."

"Barci? Wane irin barci ne wannan?"

"Irin wanda kuke yi kullum."

Ya fashe da dariya har da tari. Ya miƙa wa Inna wayar. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata ta yi ƙarfe nawa ne a wurinmu in su sun idar da asuba. Da na faɗa mata sai ta yi salati. Shekara da shekaru tana kirana a wannan lokacin don ta sa mini albarka kafin in fita, ba ta taɓa sanin daga barci take tashina ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na faɗa ba.

A ranar na aika wa kowa saƙon murya. Na ce daga yau wayata tana buɗe daga azahar ɗin Kano zuwa bayan isha'i. Mai gaggawa ya bar saƙo. Inna da bakinta ta sanar da dangi, kuma ba wanda ya isa ya ja da ita.

Alawar na ci gaba da ita na wasu watanni, gutsure ɗaya, likita yana bibiya. Sau ɗaya na ƙara kaɗan, na wayi gari kaina kamar an cika shi da auduga, ban sake ba. Yanzu sai a yi makonni kwalbar ba ta fito ba, sai in jirgi ya makara fargabar ta motsa. Ba zan ce zuciyata ta gama natsuwa da ita ta fuskar addini ba, kuma burina in rabu da ita gaba ɗaya.

Masu saye biyu sun bar ni, sun koma wurin wani da ke ɗauka ko yaushe, Allah ya ba shi lafiya. Motar ambaliya na sayar da ita a matsayin kayan gyara, na faɗi a kanta. Sauran duk suna nan, sun koyi duba agogo. Hawan jinina ya sauka, yarana sun daina tafiya da sanɗa a gida. In aka haɗa aka cire, ni ke da riba.