Radiya da Layar Akuya

Radiya taubashiyata ce, don haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ni ƙara. A Falanko aka haife ta, a gidan mai raƙuma. Ta yi lekol, wato makarantar boko, a Tanut, ta koyi aikin kwamfuta a Damagaram, yanzu tana aiki a biro, wato ofis, na wata ƙungiyar makiyaya a Belbeji. Can akwai babbar na'ura da suke kira sarba, cikinta hotunan shaidar dabbobin kowa: ƙunar wuta a cinya, tsagar kunne, da sunan mai su.

Abu guda ta gada wurin mahaifinta: ba a tara dabba duka a garke ɗaya. Shi ya sa tun zuwanta, ban da sunan da take shiga da shi a matsayin mai iko da sarbar, ta buɗe na biyu. Ta rubuta kalmar sirrin a takarda, ta naɗe, ta ba Baba Idrisa mai gadi, ta ce amana ce mai tsare gida. Shekara uku ba wanda ya sake zancenta.

Wata ranar kasuwa, wani makiyayi Adamu ya ga taguwarsa da ta ɓace tun kaka a hannun dillali. Sarkin kasuwa ya ce a kawo shaida kafin la'asar, in ba haka ba motar arewa ta wuce da ita. Taguwar nan kuwa ita ke ba yaran Adamu nono.

Ya zo biro a guje. Radiya ta shiga da sunanta, sai na'ura ta tarbe ta kamar baƙuwa: allo fayau, rajista ta ƙi buɗuwa. Ashe ɗaukewar kuran ta jiya, da wutar lantarki ta yanke, ta lalata firofil ɗinta, wato ɗakinta na cikin sarbar. Ta kashe, ta kunna, shiru. Sai ta kira mai gadi.

"Baba, ina amanata?"

"Tana nan lafiya lau, ƴata. A wuyan akuya."

Ashe da ya ji an ce mai tsare gida, sai ya ɗauka laya ce, ya kai wa baduku aka ɗinke ta da jar fata, ya rataya wa akuyarsa mai yawan ɓari. Akuyar kuma ta bi garke tun hantsi.

Na ce mata ga ranar boko, ilimin Damagaram kaf yana daji yana cin ƙaya. Ta ce in rufe baki in tayar da babur. Muka ɗauki Baba a tsakiya, yana ta rantsuwa tun da aka rataya layar akuyar ke haihuwar biyu-biyu. Bayan azahar muka same ta a gindin aduwa. Ni na sha tunkuyi, Radiya ta yanke igiya.

Da reza ta farke ɗinkin. Takardar ta sha gumin akuya, amma baduku ya san aikinsa, rubutu na nan daram. Ta shiga da suna na biyu, ta ture lalataccen firofil gefe, ta buɗe sabo, ta kwaso kayan tsohon ɗaya bayan ɗaya. Adamu na tsugune bakin ƙofa, carbi na ta gudu a hannunsa. Can sai ga hoto: taguwa, ƙuna uku a cinyar hagu, sunansa a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, ya shafa fuska, ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Ana kiran la'asar suka miƙa wa sarkin kasuwa takardar shaidar da Radiya ta buga. Adamu ya koma gida da igiyar taguwarsa a hannu.

Radiya ta sauya kalmar sirri, ta sa aka sake ɗinke tsohuwar aka mayar wa akuya, kada Baba ya yi asarar tagwaye. Sabuwar fa, wa ta ba? Ta ƙi gaya mini. Wai bakina ya fi akuyar yawo.