Yadda Aka Samu 'Yan Batir

A Injamena, duk wanda ya zauce a kan wani mawaƙi, ɗan batir ake ce masa. Matasa na rantsuwa cewa daga Turanci kalmar ta zo. Ba daga can ta zo ba. A kan Halliru aka fara ta, wani mai cajin batirin mota a unguwar Mardjandafak.

Wajen 1994 Zinariya ta fara tashe. Mawaƙiyar biki ce daga unguwar Amriguébé, tana haɗa Hausa da Larabci. Muryarta siririya ce, ba a jin ta sai da lasifika, wutar gari kuwa ba ta zama. Wata la'asar ana tsakiyar biki wuta ta ɗauke, mata suka fara neman takalmansu. Halliru ya ruga shago, ya dawo da batirin babbar mota a ka, ya jona waya. Waƙa ta ci gaba.

Tun daga ranar ya mai da abin aikinsa, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Abokinsa Dauda da wasu suka shigo aikin. Ruwan batir ya cinye musu kafaɗun riguna, da haka ake gane su a kasuwa. Shi Halliru har tsakar kansa ya ƙone, gashi bai sake fitowa ba.

A al'adar waƙa, wanda ya yi liƙi shi ake ambata. Halliru ba shi da abin liƙi, sai wuyansa. Abu ɗaya yake so, ya ji sunansa a bakinta cikin kaset. Ta kuwa yi masa alkawari, ta ce ranar da ta shiga situdiyo da shi za ta buɗe.

Matarsa Hansai ta gaji da ɗinke riguna. Ta ce, "Baban Indo, riga ta ƙare, kai ya ƙare. Ita ko sunan mahaifinka ta sani?"

Ya ci gaba da goge kan batir.

A 2003 Zinariya ta je Kano, ta dawo da kaset da sabon injin wuta. Halliru ya rufe shago da rana tsaka, shi da Dauda suka zauna gaban rakoda. Aka jero sunayen alhazan kasuwa, dillalan shanu, matan manya. Suka juya kaset. Can dab da ƙarshe ta rera, 'yan batir Allah ya saka muku.

Dauda ya tafa, ya ce ai ga su nan, sun shiga.

Halliru ya ce, "Ba sunan da aka raɗa mini ke nan ba."

Duk da haka, biki na gaba ya ɗauki batir ya je. Makaɗinta ya tare shi a ƙofa, ya ce ya ajiye gefe kada ya ɓata wa mata zannuwa, inji na aiki. Ya juya da kayansa a ka.

Har yau Halliru yana nan a shagon, wuya ya sage. In aka sa waƙarta a rediyo ba ya kashewa, ba ya kuma ƙara murya.