Ya Kira Suruka Kallon Dodo

Mai shagon tura finafinai bai san mutumin ba. Magidanci ne, furfura ta fara tsiro masa a gemu, hularsa a karkace. Yana riƙe da rimot ɗaure da roba, yana ta buga shi a tafin hannu kamar shi ne mai laifin.

"Kai ka ce min labarin sarakuna da dodanni ne," yake cewa, jijiyar wuyansa a miƙe. "Da farko akwai labari, wallahi. Yanzu kuwa, da zance ya ƙare wa marubucin, sai ya tuɓe wa wani riga!"

"Malam, ai sai ka wuce wurin."

"Da me? Batir ya mutu! Ga surukata zaune, ni na kira ta kallon dodo."

Mai shagon yana hango falon a ransa: tsohuwa ta ƙura wa silin ido, mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba yana rarrafen neman soket ya kashe talabijin.

Magidancin ya dangwarar da rimot ɗin a kan tebur.

"Na sha wannan kunyar duka, kuma har yau dodon bai fito ba."