Kilishin Zauren Alhaji Ila

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata ranar Juma'a a Gyaɗi-Gyaɗi ba, ranar da kilishi guda ɗaya ya kusa mayar da ni turin amalanke. Ku da kuke yawo yanzu da tef a wuya kuna ganin awo shi ne aikin gaba ɗaya, ku matso ku ji.

Wajen shekarar 1955 ne, da kaka. Ina aiki a kantin Alhaji Mamuda a Fagge, muna sayar da kilishi da darduma da tabarmi. Ga wanda bai san bambancinsu ba, kilishi shi ne babban nan mai kauri da laushi, wanda sai mutum uku ko huɗu suke ɗaga shi. Darduma ba ta kai shi ba, mutum ɗaya zai naɗe ta ya saɓa a kafaɗa. A kantin akwai 'yan dako a ƙasa, sai mai awo, sai akawu, wato Mista Okoro, mutumin kudu da ke zaune a Sabon Gari, sannan maigida. Shekara bakwai na yi ina dako kafin a ba ni awo, kuma Mista Okoro ne ya koya mini karanta tef.

Aikin mai awo shi ne ya je gidan mai saye kafin kaya su fita. Zai auna tsawo da faɗi, ya duba ƙasan ko daɓe ne ko siminti, ya ga ta ina ƙofa take buɗewa, ya tambayi abin da ake yi a ɗakin. Daga nan ya faɗi abin da ya dace, akawu ya rubuta takarda, 'yan dako su kai. In kaya suka dawo, laifin mai awo ne, ba a wata doguwar magana.

Ni kuwa an riga an dawo mini da kaya sau ɗaya. Wata biyu kafin nan na kai wata darduma Tarauni, ta hana ƙofa buɗuwa. Alhaji Mamuda bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Ɗanlami, in kaya suka sake dawowa ta hannunka, ka miƙa wa akawu tef, ka koma amalanke." Ga matata da goyo, ga bayana da dako ya riga ya gama da shi. Kullum da maganar nan nake kwana.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Ila. Mai sayen gyaɗa ne, Allah ya buɗa masa, ya gina sabon gida a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin unguwar gonaki sun fi gidaje yawa. Ya taɓa shiga gidan wani Bature da yake kai wa gyaɗa, ya ga an shimfiɗe ƙasa daga bango zuwa bango, shi ke nan abin ya zauna masa a rai.

Na je ran Talata, ba a tare a gidan ba tukuna, muka bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. A rumfar tsakar gida na ce tabarma, tunda nan ake cin abinci, ruwa da miya ba sa rabuwa da wurin. A ɗakin Hajiya na ce ƙaramar darduma a gaban gado, wadda za a iya fitarwa a kakkaɓe a shanya. A turakarsa na ce nan ne wurin kilishi, ga siminti, ga ba mai shiga da ƙafar waje. Duk bai saurare ni ba.

"Cikin gida ka yi yadda ka ga dama," in ji shi. "Wa zai gani? Zo mu je zaure."

Zauren ƙafa goma sha huɗu ne da goma sha biyu, kusan daidai da turakar. Ƙofa biyu gare shi kamar kowane zaure, ta waje da ta shiga gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, nan darduma mai ƙafa tara da shida ta isa. A shimfiɗa ta jikin bangon gabas, a bar hanya, a bar fili a bakin ƙofa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "A bar fili? Siminti na tara mutane su zo su gani? Babban kilishin nan ja na kantinku nake so, ya cika zauren nan taf, ko tafin hannu kada a bari."

"Alhaji, zaure hanya ne. Mai ruwa ta nan zai bi, mai itace ta nan. Kuma masu gaisuwa..."

"Kai malam, awo aka aiko ka ko wa'azi?"

Na sake gwadawa, ya ce in ba mu da shi, akwai kantuna a Kano. Na naɗe tef ɗina na fito.

Da na koma na roƙi Mista Okoro ya rubuta a takarda cewa mai saye ne ya zaɓa da kansa. Ya rubuta, ya busa tawada, sannan ya ce, "Ɗanlami, na rubuta. Amma ka san maigida ba takarda yake dubawa ba, amalanke yake dubawa, ko ta dawo wayam ko da kaya." Ran Alhamis muka kai, mu biyar. Kilishin ya zauna cif, bango zuwa bango, har bakin dokin ƙofa. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Alhaji Ila ya riƙa zagayawa a kai ba takalmi yana murmushi shi kaɗai.

Washegari Juma'a aka yi walimar tarewa bayan an sauko daga masallaci. Ina kanti sai ga mai auna wa Alhaji Ila gyaɗa a kan keke, yana haki. "Alhaji ya ce ka zo yanzu-yanzu ka kwashe kayanka." Na kira 'yan dako biyu na ce su biyo ni da amalanke, na hau bayan keken, tun daga Fagge har Gyaɗi-Gyaɗi ba abin da nake gani sai kaina a bayan amalanke.

Abin da na tarar, tabɗi! Mutane sun fi hamsin a ƙofar gida, cikin rana, manoma da maƙwabta da masu kawo masa gyaɗa daga Tarauni da Daurawa, duk sun yi cirko-cirko. Mai ruwa yana tsaye da garwa biyu a kafaɗa ya rasa ta inda zai bi. A cikin zaure kuwa Alhaji Ila ne zaune a tsakiyar kilishi, shi da attajirai uku abokansa, ga akusan tuwo jere ba wanda ya buɗe. Duk wanda ya zo sai ya leƙo daga waje, ya ce "Allah ya sanya alheri," ya ja da baya.

Yana ganina ya miƙe. "Kai! Wane irin kaya ka kawo mini? Tun ɗazu nake cewa a shigo, ba mai shigowa. Ko wani abu aka yi wa kilishin nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ran Talata na faɗa..."

"Ka faɗi me? Naɗe abinka ka mayar wa Mamuda!"

Kamar in fashe don takaici. Ni na hana, ni aka yi wa tsawa, yanzu kuma ni za a kora. Na sunkuya zan kama gefen kilishin ke nan sai wani tsoho ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Baba Tanko ne, manomi daga Tarauni, wanda tun zamanin mahaifin Alhaji yake kawo musu gyaɗa.

"Alhaji, kada ka ɗora wa bawan Allahn nan laifi. Ba abin da aka yi wa shimfiɗarka. Ni tun mahaifinka yana da rai, in na zo gaisuwa, shigowa nake in tsuguna a ƙasa in gaishe shi. In ya ga dama ya ce, Tanko, matso kan tabarma. Ranar da ya faɗi haka, har gida nake kai labari. To yau ka shimfiɗe ƙasar duka. A ina zan tsuguna? In hau shimfiɗar maigida da ƙafar gona, ba a ce in hau ba?"

Na ga dama ta samu, na ce, "Alhaji, a ɗan tashi kaɗan, don Allah." Ban jira amsa ba. 'Yan dakona sun iso, muka kama kilishin ta wajen ƙofa muka ninka shi biyu, muka ja shi jikin bangon gabas. Siminti ya fito fili, daga ƙofar waje har ta cikin gida.

Mai ruwa ne ya fara wucewa, ko kallonmu bai yi ba. Sai Baba Tanko ya tuɓe takalmi, ya shigo, ya tsuguna a kan simintin ya yi gaisuwa. Kafin ka ce me, zaure ya cika, har ana matse juna. Alhaji Ila ya zauna, ya dubi tsohon, ya ce, "Haba Baba, a ƙasa? Matso nan kusa da ni." Tsohon ya kakkaɓe ƙafarsa da hannu, ya hau gefen kilishin ya zauna, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

Na matsa na raɗa wa Alhaji cewa gobe sai a shigar da kilishin turaka, tunda na auna zai zauna, a kawo darduma zaure. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Kun gani ko? Tun farko abin da na ce ke nan, a bar wa jama'a wuri. Yaran kantin nan ba sa jin magana!" Ni, mai shekara talatin da biyu, da 'ya'ya! Na ciji leɓe har sai da na ji gishiri, na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Ko lomar tuwon ban iya ci ba.

Ran Asabar da safe Alhaji Mamuda ya kira ni. Ashe har saƙon ƙorafin Alhaji Ila ya riga ni isa, wai mai awo bai iya aiki ba. Na tsaya, tef a hannu, a shirye nake in miƙa.

"Amalanke ta dawo da kaya?"

"Wayam ta dawo, ranka ya daɗe. Har ma Alhaji Ila yana son darduma mai tara da shida."

"To tsayuwar me kake yi? Ɗauki darduma ka kai masa." Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ila tare muka yi makarantar allo. Na san shi."

Abu biyu na ɗauka daga ranar nan. Na farko, mai saye in ya yi kuskure, kada ka kuskura ka ce masa ai ka faɗa. Gyara masa, ka bar masa yabon, ka haɗiye haushinka, ko da yake ni har yau nawa bai gama wucewa ba. Na biyu, kafin ku tambayi girman ɗaki, ku tambayi su wa ke shigarsa, wa zai zauna, wa zai tsuguna, wa zai wuce da garwa. Shekara arba'in na yi a sana'ar nan bayan wannan Juma'a, kuma duk zauren da na shiga, kafin in warware tef, sai na yi taki uku daga bakin ƙofa, in ce a raina nan na Baba Tanko ne, sannan in auna sauran.