Tafin Baba a Jikin Hasumiya

Ƙamshin citta da kanumfari ne ya cika motar da muka tashi daga Hyattsville bayan sallar asuba, don Mama ba ta yarda da shayin kan hanya ba. Baba, wanda ya zo mana ziyara daga Katsina, shi ya matsa a kai shi wata tsohuwar hasumiyar dutse a bakin tekun Virginia, wadda fitilarta ke nuna wa jirage hanya a dā. Ya ce sai ya hau ya ga iyakar ruwa kafin ya koma gida.

Hanya shimfiɗe, itatuwa sun yi ja da rawaya kamar an rina su. Da yayana ya biya kuɗin gada, Baba ya tambaya ko har da abincin rana a ciki. An yi mana tayin ƙaguwa a wani shago, Mama ta leƙa kwanon ta ce ita ba ta cin kunamar ruwa.

Da muka isa hasumiyar, muka tarar da magina suna ƙwaƙule siminti daga tsakanin duwatsu. Shugabarsu ta bayyana mini cewa siminti yana tsare danshi, dutse ya riƙa rugurgujewa daga ciki. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ne ke barinsa ya yi numfashi. Ina fassarawa, Baba ya naɗe hannun riga. A garinsu ba a wuce masu yaɓe ba a sa hannu ba. Kafin mu ankara ya damƙo kwaɓin da tafinsa, ya danna a wata tsaga.

Ashe abin yana cin fata. Matar ta janyo shi gun famfo tana faɗa tana dariya, yayana ya ce hawa ya fasu.

“Kai, da hannu ake hawa?” in ji Baba.

Muka hau a hankali, yana hutawa a kowace taga. A sama ya daɗe yana kallon inda ruwa ya haɗe da gajimare.

“Uwata, faɗa mini launinsa.”

Na ɗauka gwada ni yake yi. Na ce kamar shuɗin baba a sabuwar marina.

Mun iso gida da magariba, na koyi cewa tsohon gini lallashi yake so. Sai da rani ya zagayo Mama ta gaya mini: tun kafin Baba ya taso daga Katsina, likita ya sanar da shi ganinsa yana tafiya.