Yatsan Kaka Kolo

Ƙanena Idirisu ɗan kabu-kabu ne a Zango, amma in ka kira shi haka sai ya haɗe rai. Wai shi mai zane ne, babur na neman tuwo ne kawai. Mai zanen da ko dala bai taɓa samu da zane ba! Tun yana lakwal, wato makarantar boko, yake ɓata bayan littafi, ya girma bai daina ba, har ya sayi tsohuwar kwamfuta ya sa mata manhajar zane, wadda yake kira logisiyel yana wani murɗa baki. Jikka biyu yake biya duk wata, yana ganin shi ke ciyar da kamfanin.

Adon bangon tsofaffin gidajen Birni yake kwafa. In ya sauke fasinja ya ga bango ya fara zuba, to aikin ranar ya ƙare. Wanda ya fi ji da shi na gidanmu ne, aikin kakanmu Kolo magini. Kaka ya taɓa faɗowa daga tsani, yatsansa ya ɗoru a karkace, shi ya sa duk da'irar da ya ja a laka take da ɗan lotsawa a hagu. Da ita tsofaffi ke gane aikinsa. Daminar bara bangon ya faɗi, hotunansa kuma sun tafi da wayar Idirisu da aka sace. Babu inda ya rage sai cikin kwamfutar Idirisu.

Kwatsam sai kamfanin ya rufe ƙaramar manhajar, ya bar babba ta masu sana'a, mai ɗan karen tsada. Zanen ya ƙi buɗuwa. Idirisu ya rubuta musu wasiƙa da Faransancin da bai yi ba tun jarrabawa. Suka amsa cikin ladabi: sun gode, amma buƙatun gidajen ɗab'i da kamfanonin talla ne a gabansu.

Na raka shi wurin abokinsa Mai Nasara, mai shagon buga katin biki, wanda ke da babbar.

"Kai ma dai, Idi," in ji shi yana dariya. "Abin da nake biya a wata ya fi naka na shekara. Makaɗi wa yake kallo in ba mai liƙi ba?"

Ya buɗe zanen. Masha Allah, ga bangonmu tas! Ni har na fara guɗa, sai na ga Idirisu ya nuna zanen da yatsa.

"Yaya, dubi da'irar."

Ta zagaye cif kamar faifai. Ashe sabuwar manhajar da kanta take miƙe duk layin da ya karkace a tsohon zane, domin abin da masu sana'a suka nema ke nan. Maɓallin hana ta? Mai Nasara ya duba ya duba, babu. Wallahi raina ya ɓaci, sai na ji kamar an sake binne Kaka.

Washegari Idirisu bai fita aiki ba. Ya kwaɓa laka ya yaɓe bangon zaurenmu. Ya ja da'ira, ta fito daidai. Ya shafe, ya sake, daidai.

"Kai, matso da hannun nan!" na ce. Ni na yi wayo da Kaka, na sha riƙe yatsan. Na kama nasa na lanƙwasa, muka ja tare.

Innarmu Indo, 'yar Kaka, idonta ya yi rauni. Ta fito tana lalube, ta bi ɗanyar lakar da hannu har ta kai wurin lotsawar. Ta tsaya, ta gyara mayafi.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce.